Darasin Iyali: Yadda Za a Kwantar da Jariri Ya Kwana Lafiya a Tanti ko a Ɗaki Ɗaya

Iyayena da 'yan uwana na Tarikom da Zini, da ku da kuka sami masauki wajen dangi a cikin garin Tamale da kewaye. Ni ce mai fassarar da kuke gani tare da jami'ar kariya idan ta zo zagaye. Darasinmu na wannan fitowa a kan barcin jarirai ne, daga ranar haihuwa zuwa shekara ɗaya. Wadda ta iya karatu ta taimaka ta karanta wa maƙwabciyarta. A karanta wa kaka da maigida ma, domin da su ake kwana a ɗakin.

Ni ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne a bakin ma'aikatan lafiya lokacin da nake yi musu fassara, na kuma nuna musu wannan rubutu kafin a buga shi.

ABIN DA YA SA MUKA KAWO WANNAN DARASI

A hunturun da ya wuce an kira mu da sassafe zuwa wurin wani iyali. Ba zan faɗi suna ko wuri ba. Jaririyarsu mai wata biyu ta sha nono da dare lafiya lau, babu zazzaɓi, babu tari. Da asuba uwar ta tashi ta same ta ba rai. Kafin mu iso har an fara raɗa cewa wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta yi mata baki, don ta ɗauke ta jiya da yamma ta yaba ƙibarta.

Nas ɗin da ta zo ta zauna kusa da uwar ta yi mata gaisuwa, sai daga baya ta yi tambayoyi huɗu a hankali. Yaya aka kwantar da ita? A kan me, kuma da me aka rufe ta? Wa ya kwana kusa da ita? Akwai abin da ke hayaƙi a ɗakin? Amsar ita ce: an kwantar da ita rub da ciki a kan bargo da aka ninka huɗu don ta ji taushi, an lulluɓe ta da wani bargon har kai saboda sanyi, mutum bakwai ne a ɗakin, kuma an shigo da kurfoti da sauran garwashi don ɗumi.

Duk abin da suka yi, don ƙauna suka yi shi. Babu kuma wanda zai iya rantsewa cewa ga ainihin abin da ya yi sanadi. Amma da bakina na fassara tambayoyin nan huɗu, kuma a ranar na gane cewa 'ya'yana biyu na farko haka na riƙa kwantar da su, rub da ciki a kan tsummoki masu taushi, kamar yadda Innata ta koya mini. Allah ne ya tsare su. Na ukun kuwa a rigingine ya yi barcinsa.

Tambayoyin nan huɗu su ne darasinmu.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci tana faruwa a kowace ƙasa, a gidan mai kuɗi da na talaka. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa wata 4, kuma kusan tara cikin goma na irin wannan mutuwa suna faruwa ne kafin jariri ya cika wata 6. Wani lokaci shaƙewa ce a fili, kamar bargo ya toshe hanci ko babba ya danne shi. Wani lokaci ko an bincika ba a ganin komai.

Shekaru da yawa a ƙasashen Turai da Amurka su kansu likitoci suna cewa a kwantar da jariri rub da ciki. Daga baya bincike ya nuna musu sun yi kuskure. A 1991 ƙasashen New Zealand da Ingila suka fara yekuwa cewa a daina. A Ingila wata mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, Anne Diamond, wadda ɗanta ya rasu cikin barci a wannan shekara, ta shiga gaba wajen faɗakarwar. Amurka ta fara nata gangamin a 1994. A waɗannan ƙasashe mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Ba sabon magani aka samo ba, ba allura ba. Kwanciya kawai aka sauya.

Wannan ne ya sa darasin ya dace da mu. Ba ya buƙatar kuɗi, ba ya buƙatar gadon jarirai na kanti. Da kayan da ke cikin tantinki yanzu za ki iya yin sa.

TAMBAYA TA 1: YAYA AKA KWANTAR DA SHI?

A rigingine, bayansa a ƙasa, fuskarsa sama. Kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara ɗaya.

Ga dalili. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙarfi ba, kuma da hanci ya fi yin numfashi. Idan yana rub da ciki fuskarsa ta nutse cikin shimfiɗa, ba shi da ƙarfin ɗaga kai ya juya. Sai ya riƙa sake shaƙar iskar da ya fitar, wadda ba ta da amfani ga jiki. Ban da haka, barcin rub da ciki ya fi nauyi. Shi ya sa iyaye suke son sa, suna cewa yaro ya fi daɗewa bai farka ba. To, nauyin barcin nan shi ne haɗarin, domin farkawa ita ce take ceton jariri idan numfashinsa ya sami matsala. Jaririn da ke farkawa da dare yana neman nono lafiyarsa ƙalau.

Kwanciyar gefe ma ba ta isa ba. Jariri a gefe kamar ƙwarya ce a kan gangara, da ya ɗan motsa sai ya kife. Kada kuma a tokare shi da naɗaɗɗen zani ko matashi don ya tsaya a gefe, domin abin tokarar shi ma yana iya rufe masa hanci.

Na san abin da kaka za ta ce, don ni ma na faɗa wa nas: "Idan ya yi tumbiɗi a rigingine fa, ba zai sarƙe shi ba?" Ga amsar da ta ba ni. A maƙogwaro akwai hanya biyu, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, ta abinci tana ƙasa, don haka nonon da ya dawo yakan gangara ya koma hanyar abinci, ko ya haɗiye, ko ya tofo ta gefen baki. Idan yana rub da ciki kuwa, hanyar iska ce take komawa ƙasa, nonon ya fi samun saukin shiga cikinta. A ƙasashen da aka koma rigingine ba a ga ƙaruwar jarirai masu mutuwa ta sarƙewa ba. Bayan ya sha nono ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, sannan ki kwantar da shi.

Wasu suna tsoron ƙeya za ta baje. Maganin wannan shi ne idan yana farke kina kallonsa, ki kifa shi a kan tabarma ko a ƙirjinki na ɗan lokaci kowace rana. Wannan yana ƙarfafa wuya da kafaɗa. Goyo da ɗauka a hannu su ma suna hutar da ƙeya. Amma da ya fara gyangyaɗi, a mayar da shi rigingine.

Wajen wata 4 zuwa 6 jariri yakan fara juyawa da kansa. Idan ya iya juyawa gaba da baya ba taimako, ba sai kin kwana kina juya shi ba. Ki dai fara kwantar da shi a rigingine, kuma wurin ya zama babu tarkace. In kina naɗe shi da zani, ki daina da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa, domin idan ya kife hannuwansa a ɗaure ba zai iya ɗagowa ba.

TAMBAYA TA 2: A KAN ME, KUMA DA ME AKA RUFE SHI?

Shimfiɗar jariri ta zama mai ƙarfi, a miƙe, babu tudu babu kwari. Ki gwada da tafin hannunki: in kin danna hannun ya nutse, wurin ya yi wa jariri taushi. Tabarmar da aka raba mana, da zani ɗaya a kai an ja shi ya miƙe, ta fi tsohuwar katifar soso da ta lotsa. Mu manya ne muke neman taushi saboda ciwon baya. Jariri ba ya buƙatarsa.

Waɗannan kada su kasance a wurin barcinsa:
1. Matashin kai kowane iri. Yana tura haɓarsa ƙirji ya matse hanyar iska.
2. Bargon manya, ko a ƙarƙashinsa ko a kansa.
3. Tulin wanki, buhun kaya, ko 'yartsana mai taushi.
4. Leda da guntun tamfol. In kina shimfiɗa leda saboda fitsari, ta kasance ƙarƙashin zani, an cusa bakinta yadda ba za ta taso ba.
5. Igiya kowace iri: ta cajin waya, ta gidan sauro, ko zaren laya da sarƙa a wuya. A cire abin wuya kafin barci.

Game da rufa kuwa, tufafi sun fi bargo. A hunturu ki sa masa riga ɗaya ko biyu fiye da abin da ke jikinki, da safa. In za ki ƙara mayafi, ya zama zani marar nauyi, ya tsaya a ƙirji ƙarƙashin hammata, a cusa gefensa da ƙasansa sosai. Fuska da kai su kasance a buɗe.

Zafi ma haɗari ne kamar sanyi. Ku da kuka yi bazara a nan kun san a watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, cikin tanti ko ɗakin kwano kuwa ya fi haka. A irin wannan lokaci riga ɗaya marar nauyi ta isa. Kada ki duba hannu ko ƙafa, don sukan yi sanyi ko da jiki na da ɗumi. Ki taɓa ƙirji ko bayan wuya. In akwai gumi ko zafi, ki rage tufa. In da sanyi, ki ƙara. Jariri ta kai yake fitar da zafin jiki, don haka hula ta kwanakin farko ce bayan haihuwa, da ta ƙaramin jariri a lokacin sanyi. Wanda ya yi ƙwari, yana cikin ɗaki mai ɗumi, a cire masa ita idan zai yi barci.

TAMBAYA TA 3: WA YA KWANA KUSA DA SHI?

Abin da ya fi shi ne jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa, kusa da ita yadda hannunta zai kai, amma a wurinsa na kansa, aƙalla wata 6 na farko. Kashi na farko mun riga mun cika shi, tunda ɗaki ɗaya ne da mu. Saura wurin kansa.

Za ku ce, mu da muke bakwai ko takwas a tanti ɗaya, ina muka ga gado? Ba mu ne muka fara shiga wannan hali ba. A ƙasar Finland tun 1938 gwamnati take ba masu jego kwali cike da kayan jariri, kuma iyalai da yawa a cikin kwalin jaririnsu yake fara barci. A New Zealand mutanen Maori suna saƙa wa jarirai kwando, a ajiye shi kusa da uwa. A 2011 da girgizar ƙasa ta rushe gidaje a birnin Christchurch, iyalai suka koma kwana a cunkushe kamar mu, sai aka riƙa raba musu robobi masu faɗi da 'yar shimfiɗa a ciki don jarirai su sami wurin kansu. A nan kusa da mu ma, masaƙan Bolgatanga suna saƙa kwandon jarirai da ciyawa, ana kai shi har Turai da Amurka ana sayarwa da tsada.

Don haka kwando, kwali mai ƙarfi, ko roba mai faɗi duk za su yi, in an kiyaye waɗannan:
1. Gindinsa ya zama a baje, tsawonsa ya ishi jariri ya miƙe. Baho mai zagayen gindi ba zai yi ba, domin yana lanƙwasa wuya.
2. Ya zama mai tsabta, a bushe. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba taki, maganin feshi ko fetur.
3. A shimfiɗa zani a ciki, marar kauri, ya cika gindin babu rami a gefe.
4. A ajiye shi a ƙasa, ba a kan benci ko buhu ba. Kada a rufe shi da murfi ko zani.
5. Ya kasance cikin gidan sauro, nesa da wuta, nesa da bokitin ruwa.
6. Da jariri ya fara juyawa ko ya cika shi, a koma tabarma.

Na san kuma yawancinmu a tabarma ɗaya muke kwana da jariri saboda shayarwa, kuma barci ɓarawo ne. Shayarwa kanta kariya ce. Jaririn da ke shan nonon uwa ya fi tsira daga mutuwar barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. To in tare za ku kwana, ga yadda za a rage haɗari. Jariri ya kasance a gefen uwa kawai, ba tsakanin uwa da uba ba, ba kuma kusa da yayyensa ba. Yaro ɗan shekara uku yana birgima cikin barci bai san ya hau ƙaninsa ba. Ke uwa ki kwanta a gefenki kina fuskantarsa, hannunki na ƙasa a saman kansa, gwiwoyinki a lanƙwashe ƙarƙashin ƙafafunsa. Bargonki ya tsaya a ƙugunki. Da ya saki nono, ki mayar da shi rigingine. Kada ya kasance a manne da bangon tanti ko a inda zai faɗa tsakanin katifa da bango.

Akwai lokutan da bai kamata sam a haɗa shimfiɗa da jariri ba, ko da dare ɗaya ne:
1. Idan wanda zai kwana a wurin ya sha giya, fito ko burukutu.
2. Idan ya sha tramol, maganin barci, ko maganin tari da na mura mai sa gyangyaɗi.
3. Idan mai shan taba ne, ko uwar ta sha taba tana da ciki.
4. Idan jaririn bakwaini ne, ko an haife shi bai kai kilo 2.5 ba.
5. Idan gajiya ko ciwo sun yi wa uwa yawa har ba ta jin motsi.

A watanni uku zuwa huɗu na farko ma haɗarin ya fi yawa, don haka a nan ne kwandon ya fi amfani. Kujerar soso kuwa ta fi ko'ina haɗari. Kada babba ya yi barci a kanta da jariri a ƙirji, domin yakan zame ya maƙale a lungu.

Maigida, a nan aikinka yake. Kai ne za ka tsara wa zai kwana ina, ka nemo kwandon, ka ja manyan yara gefenka. Da yawa daga cikinmu barci ba ya zuwa da sauƙi saboda abin da muka gani a hanya. Wanda yake shan wani abu don ya samu ya runtsa, ba zargi muke yi ba. Ya kwana nesa da jariri, ya kuma zo ya yi magana da nas ko jami'ar kariya. Maganar za ta tsaya tsakaninmu.

TAMBAYA TA 4: ME KE HAYAƘI A ƊAKIN?

Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Babba yakan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Jariri kuwa ba ya iya faɗa, barci kawai zai yi ta yi. Kada a shigar da kurfoti ko kaskon wuta cikin tanti ko ɗaki a rufe ƙofa, ko don ɗumi, ko don mai jego. Ruwan wankan jego a dafa shi a waje. In mutane biyu ko uku suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, a kai jariri asibiti ko da kamar lafiyarsa lau.

Hayaƙin taba yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar barci. Mai sha ya sha a waje, nesa da ƙofa, ya wanke hannu kafin ya ɗauki jariri. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne ga ƙaramin huhu, kada a kunna su a inda jariri ke barci. Don haske da dare a yi amfani da fitilar sola ko tocilan. Kyandir da aci-balbal kusa da gidan sauro ko tamfol gobara ce.

GIDAN SAURO

A wannan yanki zazzaɓin cizon sauro yana kashe ƙananan yara, don haka jariri ya kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, damina da rani. A ɗaure shi sama sosai ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Kada a yafa shi a kan kwandon kamar mayafi, domin yana iya sauka a fuska. Jariri ya kasance nesa da jikin ragar, saboda sauro yana cizo ta cikinta. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi. Da damina kuma ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Ghana suna zagayawa da maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. In sun zo a karɓa.

GOYO DA BARCIN RANA

Goyo al'adarmu ce mai kyau, kuma jariri zai yi barci a baya. A kula da abu uku: fuskarsa ta juya gefe hanci a buɗe, haɓarsa kada ta manne da ƙirjinsa, kuma kada a lulluɓe kansa da mayafi mai kauri. A layin karɓar abinci, a bakin famfo, ko a cikin yalo-yalo idan ƙura ta taso, mukan ja hijabi ko gyale mu rufe shi gaba ɗaya. In dole ne, ya zama yadi marar nauyi, iska na shiga, kuma ki ce wa ta kusa da ke ta riƙa leƙa miki fuskarsa. Kada ki kwanta barci da goyo a bayanki.

In za ki bar shi wajen kaka, kishiya, maƙwabciya ko yayarsa, ki faɗa musu da baki: a rigingine. Jaririn da ya saba rigingine, ranar da wani ya kifa shi, haɗarinsa ya fi na kullum yawa, saboda bai saba ɗaga kai ba.

BAKWAINI DA ƘARAMIN JARIRI

Jaririn da aka haifa kafin lokaci ko bai kai kilo 2.5 ba, sanyi yana saurin kama shi. A asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Tamale, ana koya wa uwa ta ɗaure shi a ƙirjinta, fata da fata, a tsaye tsakanin nonuwa, kansa a juye gefe, da hula. Wannan hanya tana ceton rai, kuma ba ta saɓa wa darasinmu ba, domin nas ce take nuna yadda ake ɗaurin da yadda uwa za ta jingina. A bi abin da ta nuna daidai. Duk lokacin da aka sauke shi daga ƙirji, shi ma rigingine ne.

ALAMOMIN DA BA A JIRA GARI YA WAYE

Wani lokaci abin da ake gani kamar barci mai daɗi ciwo ne. A kai jariri wurin ma'aikatan lafiya nan take, dare ko rana, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:
1. Ya ƙi kama nono, ko ya daina sha kamar da.
2. Ba ya motsi sai an taɓa shi, ko an kasa tashinsa.
3. Numfashi da sauri. Ga wanda bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye a minti ɗaya.
4. Ƙasan ƙirjinsa yana shigewa ciki sosai idan ya ja numfashi, ko yana nishi.
5. Jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau.
6. Jijjiga ko sanƙarewa.
7. Tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, ko leɓe ya sauya launi ya yi duhu.

A tafi da littafin awo na uwa da jariri. Kada a fasa zuwa awo da allurar rigakafi a asibitin sansani ko ɗakin CHPS mafi kusa. Allurar rigakafi ba ta jawo mutuwar barci.

IN AN SAME SHI BA YA NUMFASHI

Ki yi ihu a zo. Wani ya kira 112, lambar gaggawa ta Ghana, wani ya ruga ya kira nas. Kada a girgiza shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a yi masa hayaƙi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai ƙarfi, kai a daidaice, a ɗan ɗaga haɓa. Ki rufe bakinsa da hancinsa da bakinki ki hura a hankali sau 5, kina kallon ƙirji ya taso. In bai motsa ba, ki danna tsakiyar ƙirji da manyan yatsun hannayenki biyu sau 30 da sauri, ki hura sau 2, ki yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Wannan abu ne da ake koya da hannu. Ranar awo ki roƙi nas ta nuna miki.

IN ƘADDARA TA FAƊA

Rai na Allah ne, kuma ko an bi duk abin da muka faɗa, wani jaririn zai iya rasuwa. Muna ɗaure raƙumi ne sannan mu dogara. In hakan ta faru a kusa da ku, kada a ɗora wa uwa laifi, kada kuma a nuna wata a ce mayya ce. Zargin maita ya raba mata da yawa da gidajensu a arewacin Ghana, kuma a 2020 an kashe wata tsohuwa a Kafaba kusa da Salaga saboda shi. Tsohuwar da na ambata a farko ta yi makonni ba ta iya zuwa famfo, sai da shugabannin al'umma suka zauna da iyalan biyu. Mu da muka baro gida saboda tashin hankali, kada mu kunna wani a tsakaninmu. A sanar da ma'aikatan lafiya da shugaban sashe. Wadda aka zarga ko aka yi wa barazana ta zo wurin jami'ar kariya, ko ma'aikatan Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, ko na UNHCR.

BITAR DARASI

A taron mata ko a gida bayan cin abincin dare, ku tattauna waɗannan:
1. Me ya sa tumbiɗi bai fi haɗari a rigingine ba?
2. Wane abu ne a tantinku zai iya zama wurin barcin jariri?
3. A daren jiya wa ya kwana kusa da jaririnku? Wa ya kamata ya matsa?
4. Yaya za ku ɗumama jariri a hunturu ba tare da shigo da garwashi ba?
5. Wa yake riƙe muku jariri da rana, kuma an faɗa masa yadda ake kwantar da shi?

Daren yau kafin ki kashe fitila, ki yi wa kanki tambayoyin nas ɗin nan huɗu: yaya yake kwance, a kan me, wa ke kusa da shi, me ke hayaƙi. Wadda ba ta da gidan sauro ko tabarma, ko take son a zo a duba wurin kwanan jaririnta, ta faɗa mana ranar zagaye. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana su.